Yadda Garin Ƙibar Rago Ya Kusa Raba Mu da Tsoho

Assalamu alaikum. A ƙauyenmu, can gefen Tofa, ba kowa ne ya san sunana Sagiru ba. Ɗan Jarida ake ce mini, saboda in na ga ɓera sai na ce gafiya na gani, in akuya ta yi tari sai na ce ta yi mini sallama. Amma wannan labarin na jinyar kakana, ko na so ƙara masa wani abu babu wurin sakawa. Na rubuta shi ne saboda masu kiwo, musamman masu turke rago don Babbar Sallah.

Kakana Malam Haladu, Tsoho muke ce masa. Siriri ne tun asali, irin wanda in hadari ya taso da iska sai kakata Iya ta ce a je a riƙe shi kada a tsince shi a Ungogo. Yana da ciwon gwiwa mai hana shi sakat, har wani lokaci a zaune yake sallah. Abin alfaharinsa biyu ne a duniya: bai taɓa kwana a asibiti ba, kuma duk shekara ragon layyarsa ake zuwa kallo. Sannan yana da doka guda wadda kowa ya sani. Abin da bakinsa bai ɗanɗana ba, ba ya shiga bakin dabbarsa. In ya kwaɓa dusa sai ya lakata da yatsa ya kai baki, ya ji gishiri, ya ji kanwa, sannan ya ajiye wa rago.

"Dabba ba ta da bakin cewa abu ya yi yawa," haka yake faɗa. "Ni ne bakinta."

Bara ya sayo wani farin rago mai baƙin kunne, na raɗa masa suna Janar. Janar akwai ci, amma jiki ya ƙi. Harawa, dusa, kowar wake, duk ya share, ka dube shi kamar shi da Tsoho uwa ɗaya uba ɗaya. Ga maƙwabcinmu Malam Idi, ragonsa har ya fara tafiya yana nishi. Kullum sai ya leƙo ta kan danga ya ce, "Malam Haladu, wannan ragon naka azumi yake yi ne?"

Ana haka sai Baffa Sani, ƙanin babana, wanda yake tuƙa adaidaita sahu a Bacirawa, ya zo da wani ƙulli a baƙar leda. Farin gari ne, ba suna, ba takarda, ba komai. Ya ce garin ƙiba ake ce masa, masu kiwo a gari duk shi suke zubawa a dusa, cokali guda safe da yamma. Tsoho ya lakata ya kai baki, ya ɗan yamutsa fuska.

"Ɗaci-ɗaci, gishiri-gishiri. Ba laifi."

Cikin makonnin farko Janar ya fara cika. Wuya ya yi kauri, gadon baya ya shafe. Abin da ba mu lura ba shi ne, mai ragon ma ya fara cika. Tsoho da ba ya iya cinye malmala guda, sai ga shi yana share biyu yana tambayar Iya ko akwai ƙanzo. Ya ajiye sandarsa. Ya koma tsayawa a sahun gaba ana sallah da shi a tsaye. Kumatu suka fito, fuska ta yi zagaye tana sheƙi kamar an shafa mata man gyaɗa. Mutane suka riƙa tare shi a hanya.

"Kai, Malam, ka murmure! Wane sirri ne?"

"Rufin asirin Allah ne," in ji shi, yana shafa ciki.

Ni na ga sirrin. Wata safiya na zagaya wajen turke zan ɗauki fartanya, sai na tarar da shi tsugune da kofin kokonsa. Ya zuba wa Janar cokali guda a dusa, ya ɗebo rabin cokali ya juye a kokon, ya gauraya ya kafa kai.

Na ce, "Tsoho! Kai ma layyar za a yi da kai?"

Ya zabura har koko ya zubo masa a gemu. "Ɗan nema, ba ka sallama? Gwiwata ce. Tun da na fara ɗanɗanawa ta daina ciwo. Abin da ya karɓi rago ai ba zai ƙi mai rago ba. Ka kama bakinka, ko na fasa ba ka kan Janar ranar Sallah."

Ban kama ba. Ranar na kai wa Iya rahoto, amma irin nawa. Na ce Tsoho da Janar yanzu akushi ɗaya suke ci, na ji Tsoho ya yi kukan rago da asuba, kuma in ta ɗaga hularsa za ta ga ƙaho ya fara tsirowa. Iya ta yi dariya har da hawaye, ta jefe ni da mafici ta ce na ɓace mata da gani. Magana ta mutu a nan.

Wajen wata na biyu abubuwa suka fara canjawa. Ciki ya yi gaba, wuya ya yi tozo ta baya, amma hannuwa da ƙafafu suka ƙara sirancewa, ya koma kamar tulu a kan kara. Ƙishirwa ba dare ba rana, buta ba ta hutawa. Inda yake zagayawa bayan ɗaki tururuwa suka yi sansani. Ƙaya ta soke shi a ƙafa wajen yankan ciyawa, ɗan ciwon da a da kwana kaɗan ya warke, sai ya zauna yana ruwa. Ga faɗa. Tsohon da nake tsokana yana ramawa, ranar nan na ce masa Alhaji Tulu, ya ɗauko muciya ya bi ni da gaske har ƙofar gida. Iya ta tsaya riƙe da baki, ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin ya ɗaga wa yaro hannu ba.

Ranar Sallah Janar ya ci gasa. Malam Idi ya leƙo ta danga ya koma da sauri. Amma da aka feɗe, sai mahauci ya tsaya yana juya naman. Fari-fari ne, laushi tiɓis, ruwa na tsatsowa ta ko'ina. Da aka zuba a kasko sai ya riƙa tafasa maimakon soyuwa. Ragon da sai da ƙarti suka taru suka kayar, suyarsa ba ta cika ƙaramar roba ba. Iya ta ce ko wutar ce. Muka ci abinmu, muka rarraba wa maƙwabta.

Rago ya tafi, Baffa ya daina kawo gari. Ɗan ragowar da ke leda ya kai Tsoho kamar mako guda bayan Sallah, sannan ya ƙare.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Mutumin da yake share malmala biyu, ko ƙanshin miya ya ji sai amai. Ya ce gaɓoɓinsa kamar an daka a turmi. In ya miƙe sai jiri ya mayar da shi. Aka kira mai kemis na bakin titi, ya ce maleriya ce da taifod, ya yi allurai ya ba da ƙwayoyi. Ba sauƙi. Sai 'yan dubiya suka fara zuwa, kowa da asibitinsa a baki. Wata gwaggo ta ce bakin mutane ne, an yi ta yaba ƙibarsa ba a cewa tubarkalla. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi har kajin gidan suka yi hijira. Wani ya ce shawara ce, a dafa ganyen mangwaro. Wani ya ce maiƙon Sallah ne ya kwanta masa, a ba shi tsamiya. Malam Idi ya ce a gwada saɓara. Duk abin da aka ɗura masa, dawowa yake.

Na sake cewa, "Iya, wallahi garin Janar ne."

Ta ce, "Sagiru, kakanka na kwance rai a hannun Allah kana wasa? Ka ji tsoron Allah mana."

A mako na biyu, wata hantsi, ya ce a kama shi ya fita ya sha iska. Ni na riƙe shi. Muna kaiwa tsakar gida sai na ji nauyinsa gaba ɗaya ya dawo kaina. Idanu suka juye, jiki ya yi sanyi kamar randa, gumi na keto masa. Na kira shi Tsoho, shiru. Na kira shi Alhaji Tulu ko zai taso ya bi ni, shiru. Iya ta fito da ludayi a hannu tana salati.

Allah Ya sa ranar Baffa yana ƙauyen. Muka shimfiɗa shi a adaidaita, kansa a cinyata, Iya na riƙe da ƙafafu. A ƙaramin asibitin da ke kusa da mu aka gwada jininsa, ma'aikacin ya sake gwadawa, ya dube mu ya ce mu wuce babban asibiti cikin gari yanzu-yanzu. Duk ramin da muka faɗa a hanya sai na sa kunne a hancinsa na ji ko yana numfashi.

A babban asibiti kuma sai ga layi. Layin yankar kati daban, layin biya daban, layin da ban san ko na mene ne ba shi ma daban. Mai ba da kati yana cin gyaɗa yana tambayar shekarun Tsoho, kamar wanda ya zo neman aure. Allah Ya saka wa wata nas da alheri, ita ta hango yadda kansa ke lilo, ta daka tsawa aka kawo gadon turawa, aka wuce da shi imajensi ba tare da katin ya fito ba.

Likitar wata 'yar siririya ce mai tabarau. Ta sa aka ɗaura masa ƙarin ruwa, ta duba ido, ta danna ciki, ta kalli ciwon ƙafar. Ta daɗe tana kallon fuskarsa da tozon wuyansa, sannan ta juyo.

"Wane magani Baba yake sha kullum?"

Iya ta ce, "Ba ya shan komai, 'yar nan. Sai na mai kemis da aka fara makon jiya."

"Kafin nan fa? Na ciwon gwiwa, na asma, na ƙarin jiki? Ko na gargajiya da ake haɗawa a gora?"

Baffa ya ce, "Likita, wannan tsohon ko ciwon kai yake yi ba ya haɗiyar ƙwaya. Kowa ya san shi."

"Da can haka fuskarsa take?"

"A'a, ƙiba ya yi kwanan nan."

Ta girgiza kai. Maganar da ta faɗa har gobe tana kunnena: "Wannan ba ƙiba ba ce. Kumburi ne. Akwai abin da yake sha, kuma in ban san shi ba, lalube zan yi ta yi. Jininsa ya faɗi ƙasa sosai, ba mu da lokacin lalube."

Na ce, "Abincin rago yake sha."

Iya ta kai mini mintsini a cinya, irin wanda ke ɗauke numfashi. Baffa ya ce, "Ki yi haƙuri Likita, yaron nan haka yake, ko a gidan mutuwa sai ya yi shirme. Kai, fita waje!"

Likita ta ɗaga masa hannu. "Bar shi. Ƙanina, zo nan. Me ka gani da idonka?"

Ban taɓa jin wahalar ba da labari irin ta ranar ba. Harshena yana ta son ya sako ƙaho da kukan rago, ina danne shi. Na ce farin gari ne a baƙar leda. Na ce rabin cokali a koko, kullum da safe, tun kafin Sallah da wata biyu ko fiye. Na ce ya ce gwiwarsa ta daina ciwo. Na ce garin ya ƙare, bayan 'yan kwanaki ya fara amai. Ina cikin magana na ga Baffa ya jingina da bango, ya zame a hankali har ƙasa, ya dafe kai.

"Innalillahi. Ni na kawo shi."

Likita ba ta tsaya jin sauran ba. Ta rubuta wata allura ta ce a nemo da gudu. Babu a kantin maganin asibitin, sai da Baffa ya tsallaka titi. Ta ce masa kuma ya kira wanda ya sayar masa da garin, ya tambaye shi abin da ke ciki. Mutumin ya fara da rantse-rantse wai sirrin sana'a ne. Da Baffa ya ce masa mutum ne kwance a imajensi, sai murya ta sauka. Ya ce dusar alkama ce da gishiri, da wasu ƙananan ƙwayoyi da yake saye kwali-kwali yana dakawa. Ya karanto sunan da ke jikin kwalin, Baffa ya miƙa wa likita wayar. Ta saurara, ta rufe ido, ta ce abin da ta zata ne.

Wallahi kafin la'asar Tsoho ya buɗe ido. Ya kalli silin, ya kalli robar ƙarin ruwa, ya kalle ni.

"Ina ne nan?"

"Asibiti, Tsoho. Kuma kwana za ka yi."

Ya rufe ido ya ce, "Ɗan nema. Ka faɗa, ko?"

Iya ta fashe da kuka, tana yi tana dukan ƙafarsa mai lafiya. "Haladu, abincin dabba? Da girmanka? Me na rage ka da shi a gidan nan?"

Washegari likita ta zaunar da mu ta yi bayani. Ta ce sunan irin maganin siteroyid, kuma magani ne na gaske, likitoci na ba da shi da awo, na ɗan lokaci. Yana kwantar da ciwon gaɓoɓi, yana buɗe ciki, yana tara ruwa a jiki, shi ya sa rago ke cika ido. Amma yana tayar da suga, yana hana ciwo warkewa. Ta ce jikin mutum yana yin irinsa da kansa, kaɗan-kaɗan. In ana ɗura masa daga waje wata da watanni, sai wurin da ke yin sa ya kwanta barci. Ranar da aka yanke lokaci guda, na waje babu, na ciki bai farka ba, sai mutum ya zube. Shi ne abin da ya sami Tsoho. Sannan ta ce za ta ci gaba da ba shi irin maganin, tana ragewa a hankali har jikin ya farka.

Tsoho ya yunƙura zai tashi zaune. "'Yar nan, abin da ya kayar da ni shi za ki ƙara mini?"

"Shi ne, Baba. Amma ni zan auna, ba cokalin rago ba."

Na tambaye ta mu da muka ci Janar fa, mu da rabin unguwa. Ta ce cin Sallah guda da wuya ya yi mana irin wannan, amma ba ta san sauran abin da ke cikin irin waɗannan ƙulle-ƙullen ba, kuma dabbar da mutane za su ci bai kamata a ɗura mata su ba. Tun daga ranar in na ga tsire mai sheƙi sai na tsaya ina masa kallon tuhuma.

Mun yi kusan mako uku a ɗakin maza, ni ne ɗan jinya tunda muna hutun makaranta. Tabarmata a ƙarƙashin gadonsa. Sauron asibitin nan, in biyu suka haɗa ƙarfi za su iya ɗaga ƙaramin yaro. Banɗaki sai ka yi addu'a kafin ka shiga, ka yi istigfari in ka fito. Kullum da awon suga, kullum da wankin ƙafa, Tsoho yana cije hula don kada maƙwabtan gado su ji ihunsa. Kowace takarda aka rubuta sai an tsallaka titi. Akuyar Iya ta tafi, masarar da aka ajiye don damina ta bi bayanta, Baffa ya riƙa fita aiki tun sassafe yana dawowa da leda a hannu da ido ja. Amma mun ga mutanen kirki. Wani bawan Allah da ke jinyar ɗansa a gadon kusa, bai taɓa buɗe kwanonsa bai ce mini bismillah ba. Nas ɗin da ta karɓe mu ranar farko kullum sai ta leƙo ta ce, "Ina Baba mai rago?" Tsoho ya juya fuska bango.

Bayan an sallame mu, watanni muka yi muna komawa. Duk zuwa a rage ƙwaya, a gwada jini, a duba ƙafa. Akwai makon da aka rage ya sake yin laushi, hankalinmu ya tashi, aka ɗan mayar, sannan aka ci gaba. Kumatu suka sauka, tozo ya baje, tururuwa suka tashi daga bayan ɗaki. Suga ya sauko amma an hana shi shayi mai zaƙi, abin da har yau bai yafe wa likita ba. Ciwon gwiwa ya dawo da kayansa, sanda ta fito daga bayan ƙofa. Ranar da na ce masa Alhaji Kara ya yi dariya maimakon ya nemi muciya, Iya ta ce alhamdu lillahi, mijinta ya dawo.

Don Allah masu kiwo, duk garin da ba suna ba takarda, kada ku zuba wa dabba, balle ku kai bakinku. In kuma wani naku ya riga ya saba sha, na rago ne ko na ƙarin jiki ko na gwiwa, kada ku ƙwace ku zubar rana ɗaya. Ku kai shi asibiti, ku faɗi gaskiya tun a bakin ƙofa, ko da gaskiyar abin kunya ce.

Bana Tsoho ya sake turke rago. Dusa, harawa, gishiri, kanwa, shi ke nan. Har yanzu yana lakata ya kai baki. Ragon ba laifi, amma ba wanda zai zo kallo. Wata ranar Laraba muna wajen turke sai ga Malam Idi ya zagayo, wannan karon ta ƙofa, da ƙulli a baƙar leda.

"Malam Haladu, wannan ba irin wancan ba ne. Sabon haɗi ne, na ganye zalla. Mai shi ya rantse mini."

Tsoho ya kalli ƙullin. Ya dube ni ya ce, "Ɗan Jarida, ɗauko cokali."

Na kawo. Ya kwance ledar a hankali, ya ciko cokalin fal, ya miƙa wa Malam Idi daidai baki.

"Bismillah. Ragon ba shi da bakin faɗa, ni kuma nawa bakin ya yi ritaya. Ara mana naka."

Malam Idi ya kalli cokali, ya kalli Tsoho, ya kalli sandar da ke jingine da turke. Ya ja da baya taku guda.

"Ai... azumi nake yi."

"Ranar Laraba?"

Malam Idi ya ƙara ja da baya. Ya bar ledar a ƙasa ya fice, har yana tuntuɓe da kwanon dusa. Tsoho ya juye cokalin a cikin ledar, ya ƙulle, ya miƙo mini ya ce na kai masai na zuba. Na juya zan tafi sai ya kira ni.

"In za ka ba da labarin nan, ka ba da shi yadda ya faru. Kada ka sa mini ƙaho."

Ban sa ba.